Ko Minya Ba Mu Kai Ba

Wani tsohon malamin makaranta ne a Aswan, can kudu nesa da Alƙahira. An tura 'yarsa Nawal koyarwa wani ƙauye can bayan duwatsu, inda ko mota sai ta ga dama take shiga. Ya ce wannan zalunci ne, sai an dawo da ita gida. Ya tafi Alƙahira ya yi ta zarya ofis-ofis, amma daraktan da ke sauya wa malamai wurin aiki bai ganu ba.

Da zai koma, ɗansa ya ce, "Baba, ka daina wahalar mota. Ga tikitin jirgin sama."

Yana zama a jirgi, wa zai gani a kujerar kusa da shi? Daraktan nan da kansa!

Ya ce a ransa, "Yau Allah Ya kama mini kai."

To, mutumin kudu ba ya buɗe baki da buƙata kamar maroƙi. Komai da tsarinsa, shi kuwa ya san garuruwan da ke hanyar nan kamar allon ajinsa, sai ya raba wa kowane gari aikinsa. Gaisuwa har Bani Suwaif. Tambayar dangi da asali har Minya. A Asyut a ci soyayyiyar agwagwar da ya yo guzuri, a Sohaj a sha shayi. Maganar Nawal sai an hango Luksor.

Ya gyara rawani. "Basha, ranka ya daɗe, ya lafiya? Ya iyali? Ya ciwon gwiwa?"

"Ba ni da ciwon gwiwa, Ustaz."

"Zai zo. Allah Ya sawwaƙe tun yanzu. Ya mahaifinka?"

"Ya rasu."

"Allah Ya ji ƙansa. Shi kuma nasa mahaifin fa?"

Bai gama da kakanni ba, ko ƙunshin agwagwa bai kwance ba, ma'aikaciyar jirgi ta ce a ɗaura ɗamara, za a sauka.

Ya ce, "'Yata, Bani Suwaif ce? Ba mai sauka a layinmu, a wuce."

"Aswan ce, Baba."

"Aswan ɗin wa? Ni na koyar da taswirar ƙasar nan tun ba a haife ki ba. Daga Alƙahira zuwa Aswan yini guda ne da ɗoriya!"

"Ta mota ke nan, Baba. Ta sama awa ɗaya da 'yan mintoci ne."

"To ina kuka kai Asyut? Ina Sohaj? Garuruwa ne da mutane a cikinsu!"

Jirgi na tsayawa ya tare direban a bakin ƙofa, agwagwa a hammata.

"Kai ne mai tuƙin nan? Wa ya biyo ka? Gobara ake yi a gidanku? An ba ka hanya cikakkiya, ka haɗiye ta ba ko taunawa. A mayar da mu inda aka ɗauko mu, a sake tafiyar nan yadda ya kamata!"

Darakta dai ya ji tausayin tsoho. Motarsa na jira, amma ya dawo ya dafa kafaɗarsa.

"Ustaz, tun ɗazu na ga kamar akwai magana a bakinka. In wata buƙata ce, faɗa mini yanzu, in sa hannu kafin in wuce."

Malam ya ja da baya, ya dube shi sama da ƙasa.

"Buƙata kuma, Basha? Ka ɗauke ni marar tarbiyya? Ko Minya ba mu kai ba!"