Rasuwar Ɗan Auduga, Keken Gidan Malam Labo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai ɗaure da bandeji, ni Maiwada Labo na Maska nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekenmu, wanda aka fi sani da Ɗan Auduga. Ya cika ranar Litinin da hantsi a kan hanyar Funtuwa, ina bisa kansa, yana da shekara arba'in da bakwai a duniya.

Mahaifinmu, marigayi Malam Labo, shi ya sayo shi a shekarar da audugarsa ta yi kyau, ya turo shi a ƙasa tun daga Funtuwa don kada taya ta sha wahala tun ranar farko. Daga nan, duk yammacin da ya dawo gida sai ya buga ƙararrawa sau biyu a bakin zaure, kilin-kilin, mahaifiyarmu Inna Zuwaira ta miƙe ta kwaso tuwo. Da Malam ya riga mu gidan gaskiya, na gaji keken, na gaji al'adar. Yanzu idon Inna ya yi rauni, amma kunnenta ras yake, kuma ba ta sa loma a baki sai ta ji wannan kilin-kilin. Saboda ita na yi shekara goma sha tara ina hana keken nan mutuwa.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa shan fetur ba, kuma lokacin da mai ya yi tsada, masu babura suka koma tura nasu a rana, ya riƙa wuce su ba tare da gori ba. Bai da yawan magana. Iyakarsa ƙiƙi-ƙaƙa idan an doshi hawa, sai ɗan tsaki idan sarƙa ta ji ƙishin mai.

Tun da masu sayar da kayan gyara suka fara yi mini dariya idan na nemi irin kayansa, na daina zuwa wurinsu, na koma cikin gida. Sirdinsa na ɗinka da fatar ragon layya, na cusa masa auduga. Robar birki daga silifas ɗin matata Hansai na yanko, ƙafar hagu. Da marfin sarƙa ya ruɓe, murfin tukunyar miyarta ya maye gurbinsa. Wata biyu tana zargin akuya. Na lanƙwasa bututun injin ban ruwa na yi masa kai mai faɗi kamar ƙahon bijimi, har sai an karkata shi kafin ya shiga zaure. Kariyarsa ta ɗaukar kaya kuwa da haƙorin garmar maƙwabcina Awaisu aka ƙera ta, wadda na ara da daminar bara waccan. Ko'ina na taɓa a jikin keken nan ban da sandar tsakiya, inda Malam yake ɗora ni ina ƙarami. Ita dai fenti kore nake shafa mata duk Sallah, in ja da baya in yaba.

Ashe nan ciwon yake. Damina bayan damina a kan sandar nake ɗauko buhun takin zamani, in na dawo kuma in jingine shi a ɗakin da muke ajiye takin. Ni manomi ne, na san abin da taki yake yi wa fartanya, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin yana cin sandar ta ciki ba. Ranar Litinin, ina cikin gangara, ya yi ƙara guda wadda ban taɓa jin ya yi ba, ƙas. Tayar gaba ta ci gaba da tafiya Funtuwa, ni da ta baya muka tsaya a kwalbati.

An garzaya da shi wurin Jibril mai walda a cikin Keke Napep, abin da nake jin kunyarsa har yanzu. Jibril ya danna sandar da ɗan yatsa, yatsan ya shige. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Maiwada, ƙarfe ake yi wa walda. Wannan ai fenti ne kawai yake tsaye."

Ya rasu ya bar famfo ɗaya, da faci talatin da shida, da magada masu yawa, waɗanda tun kafin gawa ta iso gida suka fara gane kayansu.

Ban iya gaya wa Inna ba. Na kwance ƙararrawar na sa a aljihu, kwana uku ina dawowa a ƙasa ina buga ta a bakin zaure kamar ba abin da ya faru. Jiya da na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maiwada, tun Litinin ban ji ƙiƙi-ƙaƙa ba, sai takun ƙafarka da ɗingishi. Ka bar ɓoyewa. Amma ka ci gaba da bugawa." Ta jawo kwanonta ta ci tuwo. Ni ne na kasa ci.

Za a yi rabon gado ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidanmu, kowa ya zo da sifanarsa. Hansai za ta karɓi murfinta. Maganar silifas ta ce ta bar ni da Allah. Awaisu ya zo ya ɗauki abin da ya rage na garmarsa, muna roƙon kada ya yi jawabi. Ana sanar da 'yan gwangwan cewa kada su wahalar da sikelinsu, domin sandar za a rataye ta a zaure, wurin da Malam yake jingine keken. Masu zuwa gaisuwa a kan babur su kashe shi daga nesa.

Ƙararrawa ba ta cikin gado. Duk wanda ya ji kilin-kilin da yamma a layinmu bai ga keke ba, kada ya tsorata. Ni ne na dawo a ƙasa, Inna tana jira ta ci tuwo.