Ranar da Na Sa wa Kifin Teku Kanwa

A shekarun da kuɗin mai ya fara ruɗa mu ma'aikatan gwamnati, na je kwas Legas, na dawo Keffi da akwatin gilashi, da jarkokin ruwan teku, da kifaye huɗu masu launi kamar atamfa. Mai sayarwar ya ce in haɗa da wasu fararen duwatsu masu ramuka, wai a cikinsu ƙananan halittu ke zama suna tace ruwan. Dariya na yi masa. Ni da na fito daga garin duwatsu, a Legas za a sayar mini da dutse?

Da na dawo na shiga kasuwa, sai ga irinsu sak a gaban wata tsohuwa. Kanwa ce, na sani, amma ai fara ce, kuma ga ramuka. Na ce ta juye mini duka.

Ta ce, "Duk wannan, Malam? Shanu gare ka?"

Na ce, "Iya, aikin kimiyya ne."

Na jera ta cikin ruwan, na aika unguwar Liman Abaji a gayyato surukina, wanda tun aurenmu yake shakkar nitsuwata. Na tsaya gabansa ina zuba bayani har da Turanci. Kafin in gama, duwatsuna sun narke, ruwan ya koma kamar kunu, kifayen duk sun juya ciki sama.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi matata.

"Hauwa, ga kifi, ga gishiri, ga kanwa. Saura kuɓewa."

Na yi ritaya tuntuni, amma har yau in matan unguwarmu suka hango ni sai su ce, "Injiniyan Teku, a taimaka mana, miya ta ƙi yauƙi."