Kumatun 'Ya'yana

Ba zan taɓa mantawa da bazarar nan ba, shekarar da fara ta cinye mana gero a ƙauyenmu na ƙasar Gwaram. Shekara ce mai nauyi, ko gaisuwa a gajarce ake yin ta. Mai garinmu ya tara jama'a ya rantse babban rumbunsa cike yake, kada kowa ya yi ƙaura, da ruwa ya sauka zai raba iri da abinci. Muka zauna. Ranar da aka buɗe rumbun, 'yan dammuna ne a sama, ƙasa duk kara da ƙaiƙayi.

A kwanakin ne ɗan Talatu maƙwabciyata ya rasu, muka taru gidanta gaisuwa. Nan zancen rumbun ya tashi. Wata ta ce mai gari sayar wa fatake ya yi. Wata ta ce a'a, tsoro ne, kada gari ya watse a tuɓe masa rawani. Ni kuwa (da ko a ɗakina sai an matso ake jin muryata) sai na ji bakina yana cewa, "Haba, a yi masa uzuri mana. Uba ne fa, ya ɓoye ne don kada hankalinmu ya tashi." Har da gyara zama, wai ni ga mai hangen nesa.

Inna Delu, tsohuwar unguwarmu, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya yaɓe bakin rumbun nan?"

"Malam ne," na ce (maigidana ke nan, magini ne).

"To, dubi kumatun 'ya'yanki, ki dubi na namu."

Na duba. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai a lokacin na tuna yadda Malam yake shigo da gero a ƙarƙashin kayan aikinsa, yana cewa in niƙa a dutse, kada in daka a ji. Ban taɓa tambayarsa ba. Na ɗauka ladan gini ne, ko dai in ce na fi son in ɗauka haka.

Talatu kai kawai ta kawar. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar na gane, sai ciki ya cika ake samun bakin yi wa maƙaryaci uzuri.

Da gari ya waye na juye sauran geron a ƙwarya, na kai ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ta amsa daga ciki, ba ta fito ba. Na ajiye, na dawo gida.