Ranar da Aka Yanke wa Ciyawa Hukunci

Kai ma kana wurin. Kada ka ce ba ka gani ba. Ka gani, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da tuƙa, domin a ranar ba wuyanka ne a bakin kura ba. To, tunda ka kau da ido a lokacin, yanzu sai ka ba da kunne.

A Kwarin Gamba, tsarin ci ya girmi kowane sarki. Rana ke zubo ƙarfinta, ciyawa da ganye ne kaɗai suka iya tarbarsa su mai da shi abinci. Masu kofato su ci ciyawa, masu farce su ci masu kofato, wanda ya mutu kuma ungulu da gara da tsutsa su mai da shi ƙasa. Sai dai rabon yana ƙanƙancewa a kowane hawa. Ɓauna za ta share fili guda, amma mafi yawan abin da ta ci sai ya tafi a yawo da numfashi da ɗumin jiki da kashi. Ɗan abin da ya zama tsoka shi ne na zaki. Shi ya sa tun kaka da kakanni gidan zaki ɗaya ne a kwarin.

Amma Sarki Gagarau zaki ne mai son zumunci. Ya naɗa ƙannensa, ya naɗa surukansa, ya kirawo damisoshi da kuraye daga wasu dazuzzuka ya ba su rawani, kowane rawani kuma da rabonsa na nama. Garkuna suka fara sirancewa. Fada ta ga tukunya ta ragu, sai ta kira taro.

Tanoma, uwar garken ɓauna, tana kan hanyar taron da 'yarta Marka, wadda ko yaye ba a yi mata ba, sai Burungu, kurar da ke riƙe da sarautar Sarkin Fawa, ta sha gabanta.

"Yaya Tanoma! Tubarkalla, 'yar tamu har ta fara kumatu."

"Ɗauke idonki daga kanta."

"Haba Yaya, ni da nake tafe da alheri? Yau za a yi magana mai zafi. In kin riƙe bakinki, fadamarku ba mai taɓa ta, Marka kuma ba ta cikin rabon kowa. In kin buɗe shi kuwa..." Ta lashe leɓe, ta yi gaba tana ɗingishi.

A gindin tsamiya, Burungu ta faɗi ta yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Sarki, manyan dawa! Talakawa sun koyi wayo. Da mun fito karɓar haƙƙin sarauta, sai su faɗa cikin gamba su ɓace. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa ciyawa a baki ba, ga ni kuwa ɓul-ɓul. Abin da ba ya ciyar da mai daraja, sai dai ya ɓoye mai laifi, ina amfaninsa? A ƙone ta, a sa gadu su tone saiwarta, kowa ya tsaya a sarari!"

Fadawa suka ɗauka: "Gaskiya ne! Sarari maganin munafuki!"

Sai Jatau, wani tsohon gwanki mai karyayyen ƙaho, ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ba ɓuya muke yi ba, ƙarewa muke yi. Bakunan da ke sama sun fi ƙarfin abin da ƙasa ke haifarwa. Naman da ke jikinka daga jikinmu ya zo, namu daga ciyawa, na ciyawa daga rana. Ka ƙone ta, ka yanke igiyar gugar da kake sha da ita. A rage rawuna, a bar ciyawa." Ya juya. "Tanoma, garkenki ya fi na kowa ƙahoni. Ki ce wani abu, 'yar nan."

Tanoma ta san gaskiya ya faɗa. Ta ji hancin Marka yana laluben hantsarta. Ta dubi ƙasa.

Sarki ko hamma bai gama ba, Madawaki damisa ya dira a wuyan Jatau. Aka ji ƙashi ya ce ƙaras. Kuraye suka farke cikinsa tun ƙafafunsa na shure-shure, jini ya fallatsa har goshin Marka. Magatakarda dila ya sanar cewa majalisa ta amince ba tare da ko murya ɗaya ta saɓa ba.

Shirwa suka ɗauko garwashi daga wata bishiya da tsawa ta faɗa wa, suka watsa a busasshiyar gamba. Zomaye suka fito da wuta a bayansu. Kunkuru ya dahu cikin ƙoƙonsa. Barewar da ta tsere wa harshen wuta ta faɗa bakin da ke jiranta. Fada ta yi kisa har ta gaji da ci, ana kashewa don nishaɗi, gawa na kumbura a rana, ungulu ta ƙoshi har ta kasa tashi. Maroƙa suka ce ba a taɓa zamanin yalwa irin wannan ba. Tanoma tana fadamarta tana kiwo, ta juya wa hayaƙin baya.

Damina ta zo, ba saiwar da za ta riƙe ƙasa. Ruwa ya kwashe ta ya bar tsakuwa. Duk mai kofaton da ya rage ya kwararo fadamar Tanoma, suka cinye ta har laka. Nonon Tanoma ya ƙafe. A bayan masu kofaton kuwa ga fada gaba ɗaya ta biyo, haƙarƙari a waje.

"Burungu, kin yi mini alkawari!"

"Na yi, Yaya. Da cikakken ciki na yi shi."

Tanoma ta sa ƙaho ta tsire ta, ta ɗaga ta sama, ta maka da ƙasa, ta tattake kanta. Sauran ɓaunaye suka taso, suka karya Madawaki, suka watsa kuraye. Ashe tun ranar taro ƙahonin nan sun isa. Amma da ƙura ta lafa, ƙannen Sarki sun riga sun ja Marka cikin kwazazzabo, suna faɗa a kan abin da bai kai loma uku ba.

Daga nan masu rawani suka koma cin junansu. Gagarau ne ya rage, yana jan ciki a kan tsakuwa yana lasar tsohon ƙashi. Tanoma ta wuce shi, ko arzikin ƙaho ba ta yi masa ba. Rana kuwa ba ta fasa ba: kullum tana zubo ƙarfinta a kwarin, babu ko ganye ɗaya da zai tarbe shi.

Kai da aka yi wa alkawarin fadama, ɗago kanka. Yau ma ana can gindin tsamiya, wani tsoho ya miƙe shi kaɗai, ya juyo yana kiran sunanka. Tashi ka tsaya kusa da shi. Buɗe bakinka yanzu, tun ƙafafunsa na ƙasa.