Koriyar Hular Si Buzid

A duk Hassi Mas'ud babu mai yaye sababbin injiniyoyi kamar Si Buzid, shugaban sashen horarwa na kamfaninmu. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa zai ƙaryata mai takardun yabo goma sha ɗaya a bango? Mu dai Uban Rijiyoyi muke ce masa. Shekara ashirin yana koyar da haƙar mai daga ɗaki mai sanyi, rijiya kuwa a majigi ya san ta. Farar hularsa ta kwano tana kan tebur, fes, a ciki yake zuba dabino.

"'Ya'yana," yakan ce yana kurɓar shayi, "ni daga nan nake jin ƙamshin lafiyar rijiya."

Dokar filin rijiyoyi ce, sabon shiga koriyar hula yake sawa wata shida, kuma ba ya taka ko'ina sai da mai kula da shi. Wahiba, injiniya 'yar Wargla, ta cika watanninta, mutanen fili sun yaba, sun ba ta farar hula. Saura sa hannun Si Buzid a tabbatar mata da aiki kafin ƙarshen wata, in babu ta koma gida. Ya ƙi. Wai ranar laccarsa ta "Sirrin Shugabanci" tana can tana gyaran famfo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Sai ga manya daga babban birni, suna son ganin rijiya. Gogan ya zazzage dabino, ya kifa hula, ya shige gaba.

A ƙofa Ammi Tayib mai gadi ya duba na'urarsa. "Si Buzid, ashe ba ka taɓa shiga ba. Ga koriya."

"Ni? Ni na rubuta dokar nan!"

"Shi ya sa nake bin ta. Kuma sai mai kula ta sa maka hannu. Yau Wahiba ce."

Wanzami ba ya son jarfa. Manya suna kallo, gumi na bin wuyan Si Buzid.

Wahiba ta zaro takardarta ta tabbatar da aiki daga aljihu. "Kai ka koya mana, Si Buzid, babba ne ke fara sa hannu."

Babu tebur. A kan farar hularsa ya ɗora takardar ya sa hannu.

Ta miƙa masa koriya. "Ka bi bayana, kada ka taɓa komai."