Soyayyiyar Igiyar Kaka

"Lafiya lau, ya ƙarfin jiki? Au, amarya, ashe har yanzu kina nan? Ni da na zo rabon gado!"

"Sai na goya jikanka tukuna, mijin banza. Mene ne kuma a ledar nan?"

Sifana ake ce masa, saboda makanike ne, kuma aljihunsa ba ya rabo da ƙarfe. Tsohuwar da ke kishingiɗe a kujerar falo kakarsa ce ta wajen uwa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti abinci ya gagare ta, har likita ya ce in ba ta fara ci ba, sai a mayar da ita a ɗaura mata ruwa. Ba abin da ba a dafa ba, ita ko sai kau da kai. Abu ɗaya ta ce tana marmari: wani abu dogo, soyayye, da marigayi mijinta ya taɓa saya mata a tashar jirgin ƙasa, ana tsoma shi a wani baƙin abu mai zaƙi. Sunan ya ɓace mata. Sifana ya yi ta bin waya da kwatance, har ya samo bidiyon wata mata tana soya irinsa, cikin yaren da bai ji ko kalma ɗaya ba, sai 'yar fassara a ƙasa.

"Na gano abin naki," ya ce, yana jan kujerarta zuwa ƙofar kicin. "Curos sunansa."

"Ciwon wa?"

"Curos!"

"To, curawa ake yi ke nan."

"A'a, matsawa ake yi."

"To me ya hana a ce masa matsos?"

Sifana ya shiga kicin. Ya jingina wayar da gwangwanin gishiri, ya zazzage fulawa da bota da ƙwai da suga a kan tebur.

"An ce ruwa, kofi ɗaya."

"Ruwan kofi?"

"Ruwa. Kofi."

"Kofin sha, ko kofin da ake sha a ciki?"

"Ke dai Allah ya shirye ki! Kofi dai, kofi!"

Ya faɗa da ƙarfi ne kawai, amma shi ma tun a kanti tambayar ke cinsa, har ya sayo ƙullin garin kofi ko da za a buƙata. Ya tura ƙullin bayan tukunya kafin ta gani. Ya auna ruwa da babban kofin silba, ya sa bota da gishiri, suka tafasa. Da aka zo fulawa, kofin ya jiƙe, sai ya ɗauki na shayi. Ya juya, ya juya. Na matar da ke cikin waya ya dunƙule ya saki gefen tukunya, nasa kuwa yana ta iyo.

"Wanka za ka yi mini da shi?"

"Wutarki ce ba ta da kirki. Ta tsufa, kamar mai ita."

"Wutar da ta dafa abin da uwarka ta ci ta girma? Wai da wane kofi ka auna?"

"Da wannan. Da kuma... wannan."

"Kai, jama'a! Wannan ne ake ba wa motar mutane? Shi ya sa kullum nake ganin ana turi a titi."

Ya ƙara fulawa da ka, har ƙullin ya haɗe. Ya ɗauko ƙwai zai fasa, sai ya ga matar waya ta sauke tukunya ta naɗe hannu tana murmushi.

"Me take jira?" in ji kaka.

"Ina na sani? Wataƙila mijinta."

"Nata yana dawowa da abin kirki ke nan. Taɓa ka ji, ko huce wa take jira."

Ya tsoma yatsa, ya yi tsalle har sifanar aljihunsa ta faɗi. Suka jira ya huce. Ya fasa ƙwan, ya buga har ƙullin ya yi santsi, sannan ya ɗora mai a kasko.

"Tsaya. Ba yanzu ka dafa shi ba?"

"Na dafa."

"Kuma za ka soya?"

"Haka aka ce."

"Laifin me ya yi?"

Nan kuma wata ta taso. Matar waya tana matso ƙullin ta wani ƙarfe mai bakin tauraro, shi kuwa ba shi da shi. Ya yanke wuyan robar ruwa, ya huda murfin da wuƙa ya fitar da tauraro mai karkataccen gefe, ya ɗaura a kusurwar leda, ya zuba ƙullin a ciki.

"Kamar yadda muke ɗura wa mota giris ne. Matsa baya, amarya, kada mai ya ɓata miki fuskar da ta riga ta ɓaci."

"Fuskar da ka yi ta zarya a kanta? Matsa mu gani."

Ya matsa. Na farko ya faɗa mai ya nannaɗe kamar tsutsa. Na biyu ya fito da ciki. Na uku ya ƙi tsinkewa, ya yi ta zuwa, Sifana na ihun a miƙo almakashi, kaka na miƙa masa murfin tukunya.

"Igiya za ka soya mini? Ka faɗi gaskiya, ɗaure ni za ka yi ka ƙara aure."

"Wa zai aure ni, bayan an ga abin da na fara ɗaukowa?"

Curos ɗin suka soyu suka yi ja. Ya tsame, ya birkima su a suga da kirfa. Ya ɗumama madara, ya kakkarya cakulan a ciki, ya juya har ya narke ya yi kauri, baƙi wuluk yana ƙyalli. Kaka ta leƙa kwanon ta ja baya.

"Juye ka yi wa wata mota ka kawo mini baƙin man?"

"Tsoma ki ci. In kin tashi da bugu ɗaya, kin san mai kyau ne."

Dariya yake yi, amma idonsa na kanta. Ya ga yadda wuyan hannunta ya rame, awarwaro na zamewa har gwiwar hannu. Ta ɗauki mai cikin nan, ta jujjuya shi, ta tsoma, ta gatsa. Ta daɗe tana tauna.

"Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne kamar yaya?"

"Wancan zagayayye ne."

"Ke kika ce dogo!"

"Dogon kakanka ne. Shi ke riƙe da shi."

"To baƙin abin da ake tsomawa fa?"

Ta sake tsoma ragowar, ta kai baki. "Ina jin shayi ne."

"A tashar jirgin?"

"Wane jirgi? Ni na taɓa shiga jirgi?"

"Ke fa kika ce..."

"Rakiya muka yi. Ko kuwa a bakin kasuwa ne? Miƙo wancan mai kama da ƙugiya."

Sifana ya miƙa. Sai a lokacin ya lura farantin ya yi rabi, ga cakulan har a haɓarta. Ya juya wajen kasko yana goge ido da bayan hannu, wai hayaƙin mai ne. Ya san in ya yi shiru za ta farga ta ajiye, don haka ya ɗaga murya.

"Wato ke ba ki san abin da kika ci ba, ni ban san abin da na soya ba."

"Ka ga mun dace ke nan."

"Ki rage mini ɗaya mana, ni da na ƙona yatsa!"

"Mai gida ba ya cin na amarya."

Ta janye farantin zuwa cinyarta, ta suɗe kwanon da yatsa. Sannan ta kwance wani ɗan makulli daga bakin zanenta, na kabad ɗin farantan tangaran da ko 'ya'yanta ba ta yarda su taɓa, ta jefa masa a ƙirji tana dariya har da tari.

"Na sallama, ka iya ɓarna mai daɗi. Gobe ka zuba mini matsos ɗinka a na bakin zinare. In ka fasa, kai da garejinka na sayar."