Ranar da Badaru Ya Ƙara wa Tsohuwa Gudu

"Motar nan, in na gama da ita, jirgin sama ma sai ya roƙe ta hanya."

Badaruddeen ke nan a tashar Jibiya, ƙafa ɗaya kan bamba, tsinken tsire a gefen baki. In ba ka san shi ba, bari in kwatanta maka. Gajere ne mai faɗin baki, awon hatsi yake yi a kasuwa, kuma tun ranar da ya sayi babbar waya ya daina tambayar kowa komai. Ya kalli bidiyon gyaran mota har ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. 'Yan tasha ba su musa ba, sai dai in ya ba da baya Injin Niƙa suke ce masa, wai ba ya motsi sai da ƙara.

Ita kuwa motar 'yar Kwatano ce, amma ta baro Kwatano tun Badaru na tsotson yatsa. Fentinta ya kasu gida-gida kamar zanen mahaukaciya. Sai dai ka riƙe wannan, abokina: kafin Badaru ya sa mata hannu, tana tafiya. A hankali dai, kamar mai tsohon ciki, amma duk inda aka nufa tana kaiwa.

Abin da ya tayar da balli shi ne surukinsa, Malam Dalhatu na Daddara, mahaifin matarsa Safiyatu. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda tun da aka ba Badaru aure bai taɓa yi masa kallon cikakken mutum ba. Shi ne waliyyin wani ango, ɗan ƙaninsa marigayi, kuma za a ɗaura auren a Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, da an sauko daga Juma'a. Tsoho ya riga ya shirya bin motar haya. Badaru ya wanke ƙafa ya je Daddara, ya durƙusa, ya ce Allah ya kiyaye Baba ya matsu a motar haya alhali ga mota a gida. A ransa kuwa so yake a ga surukin ya sauko daga motarsa a gaban dangi, a ce kai, ashe Safiyatu ta yi dace.

Safiyatu ta ce, "Baban Hasiya, don Allah ka bar motar nan yadda take har ku dawo."

Ya ce mata ita dai injin da ta sani na markaɗe ne.

Ya dai biya ta garejin Rabe bakanike. Rabe ya leƙa ya ce a juye baƙin mai, a sake fulogi, ga tiyon lagireto nan ma ya tsufa. Badaru ya yi dariya ya ce wannan kanikancin zamanin jahiliyya ne, ya ari sifana da zarto ya koma gida.

Da salansa, bututun hayaƙin motar, ya fara. A iliminsa mota kamar mutum ce, kuma ba a taɓa ganin wanda aka toshe wa baya ya yi gudu ba. Ya datse ta tun daga ƙarƙashin kujera. Ya buɗe bonet ya fizge matatar iska ya jefar, ya ce takunkumi ne Turawa suka sa mata don hassada. Ya murmushe kafur ya zuba a tanki, don wani mutum a waya ya ce yana mai da fetur na jirgi. Baƙin mai kuwa bai juye ba, ya dai ƙara wani mai kauri da ya samo wurin masu tifa.

Sai ya tsaya ya dube ta ya ga ta yi ƙiba. Ya sauke safaya taya, ya sauke jak, ya sauke jarkar ruwa, har kafet ɗin ƙasa ya yaye. Daga ƙarshe ya yanka tsohuwar taya ya cusa a sifirin na baya, motar ta ɗaga ɗuwawu sama ta duƙar da kai kamar tunkiya mai shirin karo. Ya ja da baya ya tafa wa kansa.

Ranar Juma'a da hantsi ya nufi Daddara. Tun bai shiga gari ba ƙarar ta riga shi, ga wani ɓarin wuta da take yi ta ƙasa, tau, tau. Kai ka san halin da yankin nan ke ciki. Mata suka kwashi 'ya'ya suka yi ɗaka, 'yan sa-kai suka fito suka tare hanya. Sai da Malam Dalhatu da kansa ya fito, cikin farar babbar riga da rawani, ya shaida musu cewa ba hari ba ne, mijin ɗiyarsa ne. Yadda ya faɗi maganar, ka ce da harin ne da ya fi masa sauƙi.

Tsoho ya shiga gaba, ya aje buta da jakar goro a ƙafa. Ashe kafet ɗin nan da aka yaye shi ke rufa wa motar asiri, ƙasanta duk huji ne kamar rariya, ga bakin salansa daidai ƙarƙashin kujerarsa. Hayaƙi ya riƙa tasowa ta cikin wando yana fita ta wuyan riga. Badaru yana ta ihun bayani a kan ƙarfin doki, tsoho yana jan carbi yana hawaye.

A Magama, bakin iyaka, ma'aikata suka hango mota ta ɗaga baya tana aman wuta. Irin ɗagin nan kuwa 'yan fasa-ƙwauri aka sani da shi. Aka ce ya faka gefe. Aka buɗe but aka ga ramin taya wayam, aka shinshina tanki aka ji warin akwatin amarya. Aka ce kowa ya fito. Da Badaru ya yi shiru da tuni an sallame su, amma ina, sai ya ga ya samu ɗalibai. Ya shiga koya wa masu kaki yadda iska ke shiga inji. Su kuma duk bayanin da ya ƙara sai su ƙara kwance wani abu. Malam Dalhatu na tsaye a rana, riga ta koma ruwan toka, ana lalube kujerar da ya tashi a kai.

Ko da aka sake su rana ta take tsaka. Badaru ya ce Baba ya kwantar da hankali, yanzu ne zai ga aikin ilimi. Ya taka totur har ƙasa. Tsakani da Allah motar ta yi gudu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, kusan tsawon gona guda. Daga nan tiyon lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe gilashi, inji ya yi wani kuka kamar ana daka ƙarfe a turmi, ya yi shiru.

Babu ruwa, tunda jarka na gida. Badaru ya karɓi butar alwalar surukinsa ya juye a lagireto, ruwan ya bi ta ƙasa ya sha yashi. Ya murza makulli, ko tari ba ta yi ba. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ba kowa. Ya sosa ƙeya.

"Baba, ko za a ɗan taɓa ta ta baya? Kaɗan take jira."

Malam Dalhatu ya dube shi har sai da Badaru ya sunkuyar da kai. Amma aure na jira. Tsoho ya naɗe hannun riga, ya dafa but ya tura. Badaru ya saki kuloci, motar ta yi wata atishawa ta ƙasa, ta fesa wa dattijo baƙin mai tun daga gwiwa har gemu, sannan ta gangara gefen titi ta hau kan ƙaya. Taya ta sace.

Tsoho ya ɗauki jakar goronsa, ya tsai da wani mai babur, ya hau ya tafi.

Badaru ya yini a nan har ya samu wani manomi mai shanun huɗa ya yarda ya ja ta. Aka ɗaura igiya a bamba, shanu suka yunƙura, bamba ta biyo su da lambar mota a jikinta, motar tana nan inda take. Ya yi fushi ya shuri bambar ta faɗa rami. Aka sake ɗaurawa ta ƙasa. A hanya ƙofa ta ɓalle, aka ɗora ta a rufi. Bonet ya bi ta.

Bayan la'asar suka iso Magama, an kuwa canza masu aiki. Wani jami'i mai suna Ishaku ya zagaya abin da shanu suka jawo, ya ce ai ba haka ake shigo da tsohon ƙarfe ba, akwai ƙa'idarsa. Badaru ya rantse mota ce, ɗazu-ɗazu ta fita ta nan da ƙafarta. Ya miƙa takardu. Ishaku ya nemi lambar da zai gwada da su, ta gaba tana rami, ta baya ta faɗi tun wurin gudun nan. Ya ce to ko akwai wanda zai shaide shi.

Ana cikin haka sai ga mai babur ya dawo da Malam Dalhatu. Ashe ko da ya isa an shafa fatiha an watse, wani maƙwabci ne ya karɓa wa ango aure, goron ma ko kwance shi ba a yi ba. Badaru ya ruga ya durƙusa, ya ce alhamdulillahi ga Baba nan, shi zai faɗi gaskiya.

Ishaku ya gai da tsoho cikin ladabi, ya tambaye shi ko ya san wannan mota da mai ita.

Malam Dalhatu ya dubi shanu, ya dubi ƙofar da ke kan rufi, ya share baƙin mai daga gemunsa.

"Ɗana, yau Juma'a, kuma na tsufa da shaidar zur. Ni dai na shiga wani abu, na tura shi, na baro shi. In mota ce, ban ga ta yi aikin mota ba. Shi kuwa wanga, ɗiyata ce ta ce mani miji ne, ni ban bincika ba."